Gari Naku, Kalwa Tawa

Idan azahar ta kawo jiki nakan jawo tabarmata bakin ƙofar ɗaki in zauna, don na san 'yan makaranta sun kusa dawowa. Babu wanda ya sa ni, kuma babu abin da nake tsinana musu idan sun shigo, jikina ne kawai ya saba. Abin da nake fara ji shi ne ƙugin a-daidaita-sahu a ƙofar gida, sai bugun ƙyaure, sai ƙaras-ƙaras ɗin leda. Jikata Walida ce ke shigowa, jaka a baya kamar mai shirin ƙaura, hannu ɗaya biskit, ɗayan kuma wani ruwa mai launi a roba wanda har yau ban san itacen da ya haife shi ba. Takan durƙusa ta gaishe ni, don uwarta ta koya mata ladabi, ba zan ci haƙƙinta ba, daga nan ta wuce ɗaki. In an sa mata tuwo ta tsakura ta ture. Kwanan baya haƙori ya hana ta sakat ya hana mu, har aka kai ta asibiti aka cire shi, yarinyar da ko famfara ba ta gama ba. Ina kallo, magana cike da bakina, amma a gidan ɗana na fari nake zaune a nan Kazaure tun rasuwar mahaifinsa, shi kuwa ɗan fari a wurinmu ko sunansa ba a kamawa, balle a zaunar da shi a ce masa ga yadda zai yi da gidansa. Wannan shirun gadonsa na yi, kuma na san wadda na gada.

A wani ƙauye na tashi a ƙasar Roni, can inda duwatsu suka yi wa gonaki zobe. Ba don Baba yana so aka sa ni boko ba. Mai unguwa ne ya ce kowane gida ya ba da yaro, aka duba aka ga ni ce gona ba za ta yi kewa ba, daga baya aka haɗa ni da ƙanena Audu. Ƙararrawarmu wani tsohon ƙarfen ƙafar mota ne da aka rataye a jikin darbejiya. Idan aka kwaɗa shi na tashi, sai mu kwaso a guje, ƙafa ba takalmi, rairayi ya ɗau zafi, muna tsalle daga wannan inuwa zuwa waccan. Kokon safe ya daɗe da bin iska, tuwo kuwa sai bayan magariba. A tsakanin nan ga ɗiban ruwa, ga surfe, ga ciyawar awaki, ga makarantar allo da la'asar tana jira. Yunwar wannan lokaci daban take, ita ce ke sa yaro ya yi kuka ba a taɓa shi ba, ko ya tsokani wanda ya fi ƙarfinsa. A gidanmu mutum ɗaya ce ta ɗauki wannan yunwa a matsayin aikinta, ita ce Iya, mahaifiyar Baba.

Iya Bafulatana ce daga wajen Gwiwa, doguwa, siririya, ba ta ɗaga murya amma in ta yanka maka magana sai ka kwana kana juya ta. Tana da wata ƙwarya a ragaya, rufe da faifai, wadda ko uwata ba ta isa ta leƙa ba. Muna shigowa za mu tarar da ita a ƙofar ɗakinta, ƙwaryar a cinya, butar ruwa a gefe. Ba ka samun komai sai ka wanke hannu, kuma ba a ci a tsaye, wai wanda ya ci a tsaye ƙafarsa ya ciyar. Ƙarami ake fara ba. Audu take ce wa angonta, kullum sai ta yi masa ƙorafin ya dawo ba cefane, ga shi zai cinye mata dukiya, shi kuwa ya ce ai ta tsufa, sabuwa zai nemo. Ba ta cika mana ciki, da gangan. Takan ce abin ƙwarya ba ƙwalama ba ne kuma ba tuwo ba ne, tokara ce, ana sa ta ne don kada gini ya faɗi kafin magini ya iso. Duk abin da zai kashe wa yaro tuwon dare, a wurin Iya maƙiyin yaro ne. In mai alewa ya biyo ta ƙofar gida yana kirari, sai ta ce mu bar shi ya wuce, na ranar sallah ne.

Ba ma tambayar wane wata ake ciki, faifai kawai za a ɗaga mu sani. Da damina kwaɗon tafasa ne ko na rama, an murtsuke shi da ƙuli-ƙuli, mu ci muna tanɗe yatsu. In gero ya fara nuna sai tumu, ta gasa mana zangarniya a bakin murhu mu murje a tafi muna hurawa. Da kaka kuwa sai wanda ya ƙoshi, ga dafaffiyar gyaɗa, ga gurjiya, ga takanɗa, ga ɗinya da ke mayar mana da haƙora baƙi ƙirin har mu riƙa yi wa juna gwalo. Sanyi ya shigo da magarya da kanya. Goruba ce ba ta da lokaci, ita ce ta ranar da babu, mu yi ta gwaguya har muƙamuƙi ya gaji, kuma ban taɓa jin ɗayanmu ya yi kukan haƙori ba. Duk wannan Iya ce ke nemo shi da ƙafarta. Da hantsi, in mun tafi makaranta, sai ta ɗauki sandarta da ƙwarya ta bi gefen gonaki da gindin duwatsu, ta san kowane itace kamar yadda ta san jikokinta. Yanzu nakan ga an jibge wa yara abu iri ɗaya rani da damina, launin ledar ne kawai ke sauyawa.

Amma sarauniyar ƙwarya ita ce ɗorawa, kuma ita ba ta daji ba ce, ta Iya ce ta kanta. Da kakanmu ya rasu aka zo fitar mata da tumuninta na gado, sai ta ce ba ta son ƙasa, a bar mata ɗorawar da ke tsakiyar babbar gona. Haka aka yi, gona ta zama ta Baba, itacen da ke cikinta na Iya, kuma kowa a garin ya san da haka. Itace ne da yara uku ba sa iya zagaye shi da hannu, daga hanyar makaranta shi muke fara hangowa mu san mun kusa gida. In rani ya yi nisa sai ta fitar da tutu, wato furenta, jajaye suna reto, mu tsinci wanda ya faɗo mu tsotsi zaƙinsa muna kokawa da ƙudan zuma. Daga nan sai sabada, ɗanyun 'ya'ya ke nan, waɗanda Iya ta haramta mana ko jifa. Sai bazara ta tsananta, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma daji ya bushe, sannan su nuna. Iya ta ɗauki doguwar gorarta mai ƙugiya ta zazzago su, mu kwaso a kai. Ɓawon, makuba, a jiƙa shi don daɓe. Garin nan rawaya shi ne namu, wani mu tsotsa daga kwanso, wani ta daka ta tankaɗe ta adana a tulu, ta riƙa dama mana da ruwan tsamiya har damina ta kankama. Ƙwayar da ke ciki, kalwa, ita ce tata, da ita take daddawar da ake miya da ita shekara guda.

Dokar ɗorawa ɗaya ce. Kafin ta ba ka sai ta ajiye wani ɗan ƙoƙo a tsakiyarmu ta ce, “Gari naku, kalwa tawa.” Ka tsotse ka tofa a tafi ka zuba a ƙoƙo, ka ji ta ce ƙwas. Wanda ya haɗiye ko ya yar, gobe goruba zai ci. Har yau in na rufe ido ina jin wannan ƙarar, mu a zaune baki duk rawaya, ita tana karkaɗa ƙoƙon kusa da kunnenta tana cewa angonta ya yi mata ƙwange. A shekarun da ruwa ya ɗauke aka yi fari, har mutane suka riƙa gangarowa daga arewa ta Babura da 'yan dabbobin da suka rage musu, wannan tulun na garin ɗorawa shi ya riƙe mu. Yaran baƙin da suka sauka a bayan gari ma Iya ta sa su a layi, ta wanke musu hannu, ta ajiye musu ƙoƙo. A wasu gidajen an ga yara sun kumbura ƙafa, gashinsu ya yi ja. Mu mun rame, amma ba mu daina zuwa makaranta ba.

To, Baba shi ne ɗan fari a wurin Iya, kuma ita irin kunyar da ta taso da ita ba ta wasa ba ce. Tun da aka yaye shi aka miƙa shi ga gwaggonsa, ita ta raine shi. Ban taɓa jin sunansa a bakin Iya ba, sai dai ta ce wancan, ko mai gidan nan. Kullum da safe zai zo ya tsuguna a bakin ƙofarta ya gaishe ta, ta juya fuska wajen bango ta amsa a gajarce, shi ke nan hirarsu ta yini. Ba ta taɓa roƙonsa komai ba, ba ta taɓa ce masa a'a ba, shi ma bai taɓa kallon tsakiyar idonta ba. Kada wani ya ce ba ƙauna. In ya yi zazzaɓi Iya ba ta cin abinci, sai dai ta yi ta tambayar uwata ko awaki sun sha ruwa, alhali kowa ya san ba awaki take nufi ba. Shi kuma in ya dawo daga kasuwar Kazaure, goron da ya fi kyau ni yake ba in ajiye mata a gefen tabarma ba tare da na ce daga wa ba. Duk maganar da ke tsakaninsu ta bakin ƙanensa take bi, Baffa Sale, autan Iya, wanda take zagi tana dariya.

Bayan fari sai ga kuɗi sun shigo ƙasa, aka ce na mai ne. Baffa Sale ya samu aiki a masaƙa a Kano, ya riƙa zuwa ƙarshen wata da rediyo a rataye, da burodi, da madarar gwangwani, da kwalin biskit, da wani ɗan dunƙule da ake jefawa a miya wai ya fi daddawa. Ba zan yi ƙarya ba, mun so su, yaro da zaƙi ai sai Allah. A makaranta kuma yaran da iyayensu suka fara ganin gari suka soma yi mana dariyar rawayan baki. Ana cikin haka Iya ta je ɗebo kanya, dutse ya goce da ita ta faɗi, ƙugu ya bugu, sai da aka ɗauko ta a jaki. Mai ɗori ya yi aikinsa ta miƙe, amma da ɗingishi. Ranar na ga Baba a bayan rumbu yana share ido da hannun riga. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne a ce yana raye, ƙanensa yana ɗaukar albashi, uwarsu tana yawon daji saboda abin da yara za su taɓa. A shekarar ne kuma masu aikin gona suka kawo tarakta da takin zamani, suka ce mota ba ta shiga gonar da itace ya tsaya mata a tsakiya, saiwa tana karya mata garma. Maƙwabta suka fara sare nasu. Sai abu biyu suka haɗu a zuciyar Baba suka zama ɗaya: a sare ɗorawa gona ta samu mota, tsohuwa kuma ta huta.

Da yake itacen ba nasa ba ne, kuma Baba mutum ne mai tsoron haƙƙi, bai taɓa shi ba sai da ya aiko a nemi izini. Ina zaune ina taya Iya tsince kalwar bara Baffa Sale ya shigo ya zauna a bakin tabarma. Ya daɗe yana zagaye-zagaye, ya yi maganar ƙugunta, ya yi maganar zamani, ya ce in dai abin da yara za su ci ne in sun dawo, shi ya ɗauka, kwali ba zai yanke ba. Iya tana ta yi masa tsiya, tana cewa yaushe ya yi arzikin da zai ciyar da angonta. Sai ya ce ai ba maganarsa ba ce, Yaya ne ya aiko shi, yana roƙon ta yarda a sare ɗorawa. Hannun Iya ya tsaya a cikin faifai. Da maganar Baffa ce, na tabbata da ludayi za ta kore shi. Amma an ce daga wancan ne, kuma shi ne karo na farko a rayuwarsa da ya roƙe ta wani abu. Ta juya fuska wajen bango kamar shi ne a zaune a wurin, ta ce, “To.” Baffa ya ce ta yarda ke nan? Ta ce, “Abin da ya gani.” Ya tashi da murna ya kai labari. Da ya fita ta ci gaba da tsintar, sai na ga tana mayar da tsakuwa cikin kalwa tana zubar da mai kyau.

Na san ba ta yarda ba, kuma ba ni kaɗai na sani ba. Na samu uwata a madafa na gaya mata, ta dube ni ta ce ita ma tana da ido, amma suruka ce, da wane baki za ta shiga tsakanin uwa da ɗanta a kan dukiyar da ba tata ba? Ta ce in kama bakina. Na tare Baffa a zaure zai koma Kano, ya dafa kaina ya ce yarinya ce ni, tsofaffi haka suke, ba sa son hutu sai an tilasta musu. Saura Baba. Sau da yawa nakan kai masa ruwan alwala in tsaya da niyyar in faɗa masa, ya ɗago ya ce lafiya, in ce lafiya lau. A lokacinmu 'ya mace ba ta buɗe baki ta ce wa ubanta abin da ya shirya ba daidai ba ne, kuma ko na faɗa, ai ga amsar mai itace an kawo masa. Na koma wurin Iya ina kuka na ce ta aika ta ce ta fasa. Ta ce in tashi in ba ta wuri, tun da ta haife shi ba ta taɓa mayar masa da magana ba, ba a kan itace za ta fara ba. Kowa a gidan nan yana son Iya, kuma kowa ya bi ladabin da aka koya masa, a haka abin ya wuce ta tsakaninmu ba wanda ya tare shi.

Layin motar noma ya zo kanmu da wuri, ba a jira ɗorawa ta nuna ba. Muna aji muna jin saran gatura daga nesa, ban san na wace gona ba ne, don a lokacin ko'ina sara ake. Da aka tashi muka biyo hanya, muka kai inda muka saba hango ta, sai sarari fetal. Audu ya ce mun yi ɓatan hanya. Da muka ƙarasa muka tarar da ita a kwance ta cika rabin gonar, sabada kore shar a jikinta, awakin gari sun yi mata caa. Baba yana tsaye yana ba masu sara ruwa, fuskarsa a sake, shi a ransa ya sauke wa uwarsa kaya. Aka yi kwanaki ana cin kututturen da wuta, hayaƙin yana shigowa har tsakar gida. Iya ba ta je ta gani ba, ba ta kuma tambaya ba. Motar ta yi mana noma damina biyu ko uku, daga nan aka ce ta lalace ana jiran kayan gyara, har na yi aure ba su iso ba. Garin neman gira aka rasa ido, amma wannan ni nake faɗa yanzu, a lokacin ba wanda ya furta.

An hana ta fita daji, sai aka damƙa mata kwalin biskit aka ce ita za ta riƙa rabawa, don a girmama ta. Ta zuba shi a ƙwaryarta ta rufe da faifai. Muka dawo muka same ta a inda ta saba, muka wanke hannu, ta ba Audu ta ba ni. Sai hannunta ya je da kansa ya ɗauko ƙoƙon nan ya ajiye a tsakiyarmu. Muka cinye, muka zauna muna kallon ƙoƙo, babu abin da za mu zuba. Audu, da yake yaro ne kuma ba ya son ya ga amaryarsa ta tashi hannu wofi, sai ya ninke takardar biskit ɗin ya saka a ciki. Iya ta ɗaga ta karkaɗa kusa da kunne, shiru. Ta ce, “Wannan abincin naku ba ya barin iri.” Ba ta ƙara fito da ƙoƙon ba. Daga baya ma ta ce uwata ta riƙa rabawa, ita ƙugunta yana ciwo. Mu kuma muka fara ture tuwo, Audu ya fara kwana da hannu a kunci, in kwali ya yanke kafin ƙarshen wata mu yini muna hamma, don babu mai bin gindin duwatsu kuma. Ta samu hutun da aka nema mata, ta zauna a ɗaki tana ƙanƙancewa, ba ciwon da za a nuna wa mai magani.

Ba ta daɗe ba. Da matan da suka yi mata wanka suka kwance zaninta, sai suka sami ƙulli a bakinsa, suka zaci kuɗi ne, ashe kalwa ce 'yar kaɗan, ta yi sumul saboda shafawa. Gwaggon Baba, wadda ta raine shi, tana da rai a lokacin, ita ta kai masa har zaure ta zuba masa a tafi. Ina bayan ƙyaure da tulun ruwan masu gaisuwa. Ya daɗe yana kallon hannunsa, sannan ya ce, “Da ta faɗa mini.” Tsohuwar ta ce, “Da wane bakin?” Da damina ta faɗi ya shuka su a inda kututturen yake, ya kewaye da ƙaya. Sun tsiro, awaki suka cinye wasu, rani ya kashe sauran. Gonar ma yanzu gidaje ne.

Duk wannan ya dawo mini ne saboda abin da ya faru a bazarar nan. Wata 'yar ƙanwata ta zo daga Gwiwa duba ni, ta kwance ɗan ƙunshi ta ce ta ga wannan a kasuwa ta tuna da ni. Ɗorawa ce, 'yan kwanso kaɗan, an ce ma daga nesa ake kawo ta yanzu. Na sa a kwano na rufe, na jira azahar kamar mai jiran baƙo. Da Walida ta durƙusa gaisuwa na ce ta ajiye ledar ta wanko hannu. Ta dube ni ta dubi abin, ta ce Kaka wannan ai itace ne. Na ɓare mata, ta lasa da ƙarshen harshe tana yamutsa fuska, ta sake lasa, sai ga ta ta zauna dirshan a tabarmata. Na jawo murfin kwano na ajiye a tsakaninmu, na ji bakina yana cewa gari naki, kalwa tawa, da wata murya da ba tawa ba. Ta yi ta dariya tana tofawa, wasu a murfi wasu suna gangarawa kan tayil, bakinta da gaban rigar makarantarta duk rawaya. Ranar ta cinye tuwonta har ta nemi ƙari. Da ta tashi na durƙusa ina bin waɗanda suka gangara ɗaya bayan ɗaya, gwiwa tana ƙara, ina dafa bango. A haka ubanta ya shigo ya same ni. Ya tsaya, ya kawar da kai, ya gaishe ni daga gefe, na juya fuska na amsa.

Bayan la'asar matarsa ta yi sallama ta shigo ta zauna a ƙasa. Yarinyar kirki ce, tana koyarwa, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Ta yi ta murza yatsu, sannan ta ce, “Hajiya, Abban Walida ne ya ce in roƙe ki. Wai ransa bai ji daɗi ba da ya gan ki a durƙushe. Ya ce don Allah ki huta, kin yi naki. Abin da yara za su ci in sun dawo shi zai riƙa sayowa da kwali.” Na san abin da ya gani, uwarsa ce tana rarrafe a gidansa tana tsintar ƙwaya, kuma na san ƙauna ce ta aiko ta. Ina da amsa, na fi shekara hamsin ina tanadinta. Zan ce ba wahala ba ce, zan ce a bar mini wannan kaɗai, zan ce a dubi bakin yarinyar nan. Maganar ta taso har ta iso haƙorana. Sai na tuna wanda ya aiko, kuma tun da na haife shi bai taɓa roƙona komai ba. Na ji wuyana yana juyawa wajen bango.

Na ce, “To.”

Washegari da azahar na ji a-daidaita-sahu, na ji ƙyaure, na ji leda. Walida ta durƙusa ta gaishe ni, ta leƙa gefen tabarma ba ta ga kwano ba, ta kawar da ido, da alama an yi mata bayani. Har ta miƙe sai ta dawo, ta sa hannu a aljihun rigarta ta laluba, ta fito da kalwa ƙwaya ɗaya, ta sha wanki ta yi fes. Ta ce, “Kaka, ga taki, jiya na manta.” Na karɓa na ƙulle a bakin zanina, tana nan har yanzu. Gidan kuwa siminti ne tun daga ƙofa har bangon baya, ba ko tafin ƙasa.